Yadda Ake Rainon Furen Okid A Cikin Ruwa Ba Tare Da Ƙasa Ko Ɓawon Itace Ba

Okid ɗin da na fara sakawa a ruwa, ceto ne ya kai ni, ba gwaninta ba. Furensa ya zube, ganyensa ya yi yaushi ya yanƙwane, ni kuwa ina ta ƙara masa ruwa, a zatona ƙishi ke damunsa. Ranar da na zare shi daga tukunya na tarar saiwoyinsa sun ruɓe sun zama kamar jiƙaƙƙen zare, guda uku kacal suka rage da rai. Na wanke shi, na ɗora shi a bakin kwalbar gilashi, ina jiƙa shi ina busarwa. Bayan makonni bakwai sai ga wani ɗan koren kai ya leƙo daga gindinsa. Tun daga nan na yi wannan aiki sau da yawa, wasu sun rayu sun yi fure, wasu sun mutu a hannuna, kuma daga waɗanda suka mutun na fi koyon abin da zan faɗa maka.

Abu guda nake so ka riƙe kafin ka taɓa almakashi. Abin da ke kashe saiwar okid rashin iska ne. Yawancin okid ɗin da ake sayarwa don ado a ɗaki, wato Phalaenopsis mai faffaɗan ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi, asalinsa daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya, kuma can ba a ƙasa yake tsirowa ba. A jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa na reto a sarari, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su. Kowace saiwa tana lulluɓe da wata riga mai kama da soso da masana ke kira velamen. Ita ke tsotse ruwa nan take, ita ce kuma ke sa saiwa ta yi fari-fari kamar azurfa idan ta bushe, ta koma kore shar idan ta sha. To rainon cikin ruwa ba yana nufin nutsar da shukar ba ne. Dabara ce ta ba saiwa ruwa da iska gwargwado, a cikin mazubin da idonka ke ganin komai.

Kada kuma wani ya ce maka wannan hanya ta fi tukunya sauƙi. Ta fi ta tsabta, ta fi ta nuna maka matsala da wuri, amma ta fi ta cin lokaci. Wanda ba zai iya duba shukarsa sau biyu ko uku a mako ba, gara ya bar ta a ɓawon itacen da aka saba cika tukunyar okid da shi.

Kayan da za ka tanada

Na farko mazubi. Kwalba ko kofin gilashi mai haske, wanda ake ganin ciki, mai faɗin ciki yadda saiwoyi za su sake ba tare da an lanƙwasa su da ƙarfi ba. Bakinsa ne abin lura: ya kasance ya isa ya tallafi gindin ganye a sama, amma kada ya matse har ya toshe iska. Mazubi mai dogon siririn wuya yana da kyau a ido, sai dai ciki baya bushewa, kuma ranar da saiwoyi suka yi yawa ba za su fito ba sai an fasa shi. Idan babu gilashi, yanke gorar roba mai haske ka goge bakin don kada ya yanki ganye. Roba ma ta fi da wani abu, domin kana iya huda mata ƴan ramuka a sama da inda ruwa ke tsayawa, iska ta riƙa ratsawa. Ka guji mazubin ƙarfe, musamman jan ƙarfe.

Sai almakashi mai kaifi ko sabuwar reza, da sifirit na goge ciwo, da auduga, da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu. Ko da akwai sifirit, kafin ka fara aiki a kan kowace shuka ka gasa bakin almakashin a harshen wuta ka bari ya huce, domin sifirit kaɗai ba ya kashe bairos. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: akwai cututtukan bairos na okid da ke bin ruwan jikin shuka a bakin almakashi daga wata zuwa wata, kuma idan suka kama ba su da magani.

Sai ruwa. Ruwan sama mai tsabta shi ne gaba, sai ruwan da aka tace aka cire masa gishiri. Ruwan famfo yana yi idan ba mai nauyi ba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi: in butar dafa ruwanka tana yin farin ɓawon gishiri a ciki da wuri, ruwanka mai nauyi ne, ka gauraya shi rabi da rabi da na sama. Ajiye ruwan famfo a buɗe ya kwana yana rage sinadarin kulorin, amma baya rage gishirin da ke ciki. Ruwan da ya bi ta na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri kuwa, kada ka kusanto da shi.

Sai takin ruwa, wanda aka yi don okid in an samu. In ba a samu ba, kowane takin da ke narkewa a ruwa mai lambobi daidai wa daida a jikin kwalinsa, kamar 20-20-20, zai yi, muddin ka tsinka shi sosai. Garin kirfa kaɗan yana da amfani wajen busar da yanka, sai ruwan haidurojin ferokzayid na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, amma dukansu ba dole ba ne.

1. Zaɓen shukar da lokacin farawa

Ka fara da Phalaenopsis, shi ya fi haƙuri. Vanda, wani nau'in okid, ita ma ta saba da zama tsirara ba komai a saiwarta, tana jin daɗin jiƙo da busarwa a babbar kwalba, sai dai tana son haske fiye da kima. Okid ɗin da a ƙasa suke tsirowa tun asali, kamar Paphiopedilum mai fure kamar takalmi, ka ƙyale su a tukunyarsu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan fure ya zube, musamman idan ka ga sabuwar saiwa ko sabon ganye ya fara leƙowa. Shukar da ke cikin tsiro tana saurin sabawa. Wadda ke ɗauke da fure idan ka tayar mata da hankali takan zubar da ƙullin da bai buɗe ba. Sai fa idan ruɓa ta riga ta kama, nan ba jira, a sadaukar da furen a ceci shukar. Kuma in kana da guda biyar, kada ka juye su duka rana ɗaya. Gwada da ɗaya tukuna.

2. Zare ta daga tukunya

Jiƙa tukunyar gaba ɗaya a ruwa mai ɗan ɗumi na minti 15 zuwa 20. Busasshiyar saiwa karyewa take yi kamar tsinke, jiƙaƙƙiya kuwa tana lanƙwasuwa. Matsa gefen tukunyar a hankali, ka riƙe shukar ta gindi, ka zaro. Idan saiwoyi sun fito ta ramukan ƙasa, yanka tukunyar, kada ka fizgo.

3. Cire duk abin da ke jikin saiwa

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin ha'inci. Da yatsunka za ka riƙa ɓamɓare ɓawon itace da busasshiyar gansakukar da ake cusawa, ɗaya bayan ɗaya, kana yi kana ɗauraye wa da ruwa. Ɓawon da ya manne wa saiwa ya ƙi fita, sake jiƙa shi, in ya ƙi ka bar ɗan guntun, zai saki da kansa bayan kwanaki.

Ka leƙa can tsakiya, daidai ƙarƙashin gindin. Sau da yawa za ka tarar da wani dunƙule na gansakuka ko wani abu kamar soso, wani lokaci har da ƙaramin kwandon roba, wanda aka raini shukar a ciki tun tana jaririya. Saiwoyi na waje sukan rufe shi ruf ba ka gani. Na taɓa rasa shuka mai ganye shida saboda wannan dunƙulen. Daga waje komai lafiya, ashe yana can yana riƙe ruwa a jikin gindi dare da rana, har ranar da na taɓa ganyen ƙasa ya faɗo a hannuna, gindinsa baƙi ƙirin. Ka sa tsinke ko hantsaki ka tsince shi tas. Duk ɗan abin da ka bari zai ruɓe a ruwa ya zama abincin ƙwayoyin cuta.

4. Rarrabe mai rai da matacciya

Kada launi ya ruɗe ka. Saiwar da ta rayu a tsakiyar tukunya ba ta ga haske ba, don haka takan zama fara ko rawaya-rawaya, alhali lafiyarta ƙalau. Yatsa ne alƙali. Matsa kowace saiwa tsakanin babban yatsa da manuni: in ta yi tauri, mai rai ce, bar ta. In ta lotse, ko ta fitar da ruwa mai wari, ko rigar ta zame ta bar wani siririn zare a tsakiya, ta mutu. Wadda ta bushe ta zama fanko kamar takarda ita ma ta tafi.

Yanke matattun daga inda suka fito. Wadda rabinta ya ruɓe rabi na da rai, yanka ta kamar santimita 1 sama da inda ruɓar ta tsaya, cikin nama mai lafiya. Goge almakashin da sifirit bayan kowane yanka da ya ratsa ruɓa. Akwai kuma saiwar da za ka ga ta sama ta yi baƙi ta tsuke amma ƙarshenta kore ne mai tauri. Irin wannan nakan bar ta idan shukar ba ta da saiwoyi da yawa, domin zaren tsakiyar yakan ci gaba da kai ruwa, sai dai nakan sa mata ido.

Cire busassun ɓawon tsofaffin ganye da ke naɗe da gindi, nan ƙwari ke ɓuya. Idan karan fure ya bushe ya yi ruwan ƙasa, yanke shi kusa da gindi. Kana iya fesa ferokzayid sau ɗaya a kan saiwoyin, za ka ga yana kumfa, bayan ƴan mintoci ka ɗauraye. Kada ka mayar da shi abin kullum, yana cin kan sabuwar saiwa. Kirfa kuma a kan yankan kara ko ganye kaɗai ake shafa ta. In ta hau saiwa busar da ita take yi.

5. Bar ta ta sha iska

Kwantar da shukar a kan tsumma a inuwa, wurin da iska ke wucewa, ta kwana ɗaya. In ka yi yanka da yawa, kwana biyu. Buɗaɗɗen ciwo da aka tsoma a ruwa ƙofa ce ga ruɓa. Kada ka ji tsoro don ta kwana ba ruwa, ganyenta masu kauri rumbu ne.

6. Zaunar da ita a mazubi

Wanke mazubin da sabulu ka ɗauraye sosai. Jiƙa saiwoyin na ƴan mintoci su yi laushi, sannan ka zura su kana ɗan juya shukar kamar mai ɗaura murfi. Ganye duka su kasance a waje, gindin ya zauna a baki ko ɗan sama da shi. Idan mazubin ya yi faɗi shukar na zurmawa, gicciya tsinkaye biyu a baki ta zauna a kansu, ko ka yanka murfin roba ka huda tsakiya da gefe. Saiwoyin da suka saba da reto a sama tun tana tukunya, ka bar su a waje yadda suke, kada ka tilasta musu shiga.

Dokar da ba ta da sassauci ita ce: ruwa ba ya taɓa gindi, wato wurin da saiwoyi da ganye suka haɗu, balle ƙoƙon tsakiya inda sabon ganye ke fitowa. Phalaenopsis ta wannan ƙoƙo ɗaya take girma. In ruwa ya kwana a ciki ya ruɓe, shukar ta daina yin ganye ke nan, sai dai in ta yi sa'ar fitar da ɗa ta gefe. Duk sanda ruwa ya fantsama ciki, murɗa takardar goge hannu ka zura ka tsane shi nan take. Don haka ta gefen mazubi ake zuba ruwa, ba ta kan shuka ba.

7. Sabar da ita da ruwa

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne ba ya son gaggawa. Saiwar da ta girma a ɓawon itace ta ginu ne don zaman ɓawon itace. Idan ka nutsar da ita dare ɗaya, shaƙewa za ta yi. Saiwar da ta tsiro sabuwa ta shiga ruwa da kanta, ita ce ke iya zama a ciki. Aikinka shi ne ka riƙe tsofaffin da rai har sababbin su iso.

Makonni biyun farko, da safe nake zuba ruwa ya rufe kamar kashi biyu cikin uku na saiwoyin, in bar shi awa ɗaya, in juye tas. Ɗan danshin da ya rage a jikin gilashin ya isa. Ruwan ya zama daidai da zafin ɗaki. Ruwan sanyi daga firiji ko ƙanƙara ba abin da ya haɗa su da shukar dajin zafi.

In makonni biyu sun wuce ba sabuwar ruɓa, sai ka koma kwana 2 a ruwa, kwana 5 a bushe, kuma yanzu ruwan ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. Wannan lissafi mafari ne kawai, ba wahayi ba ne. Ɗakin da iskarsa ta bushe, ko mai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, kwana 5 ya yi yawa. Ɗaki mai danshi da sanyi kuma kwana 2 a ruwa na iya yin yawa. Saiwar ce za ta gaya maka. In ta koma azurfa amma tana nan a cike, lafiya lau, lokacin sha ya yi. In ta fara tsukewa tana yin layi-layi a tsaye, ganye kuma ya rage tauri, ka rage kwanakin bushewa. In ranar da za ka mayar da ruwa ka tarar har yanzu kore ce jiƙe, ka ƙara mata kwana, ka kuma duba ko bakin mazubin ya toshe iska.

A cikin wata na farko ko na biyu kusan dole wasu tsofaffin saiwoyi su mutu. Kada hankalinka ya tashi. Zaro shukar, yanke, bari ta bushe, mayar. Abin da kake jira shi ne ɗan ƙullutu a gindi da zai tsage ya fitar da kai mai sheƙi, kore ko ja-ja. Wannan kan shi ne wurin girma, mai taushi ne ƙwarai, ko gogar bakin kwalba na iya tsayar da shi, don haka ka kula wajen zarowa da mayarwa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Kana iya tsayawa a kan jiƙo da busarwa har abada, kana matsawa zuwa kwana 3 a ruwa 4 a bushe, ko ma 5 a ruwa 2 a bushe. Ko kuma, idan sababbin saiwoyi uku ko huɗu sun kai ƙasa sun shiga ruwa da kansu, ka bar ruwa dindindin a ƙasan mazubi, yana taɓa ƙarshensu kawai, bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk a iska. Ni dai na fi natsuwa da ta farko. Ko waɗanda suka saba sosai nakan ba su yini guda a bushe kowane mako, domin na ga hakan na rage yauƙi da ruɓa ƙwarai.

8. Canza ruwa da wanke mazubi

Ruwa kada ya wuce kwana 7 ba a canza ba, a lokacin zafi kwana 3 ko 4. Dalilin a fili yake. Ruwa mai ɗumi baya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: lita ɗaya a digiri 20 na ma'aunin Salshiyos tana ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi, ga shi kuma ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a zafi suna cinye abin da ya rage. Akwai dalili na biyu da ya shafi lafiyarka kai kanka. Sauro na yin ƙwai a tsayayyen ruwa ko na cikin kofi ne, kuma a yanayin ɗumi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. In ka ga ƴan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki, juye a busasshen wuri, ka goge jikin mazubin, don wani sauron a jikin bango yake manna ƙwansa.

Kada ka riƙa ciko a kan tsohon ruwa. Wanda ya tafi a tururi ya bar gishirinsa a baya, kullum yana taruwa. Juye duka, ɗauraye saiwoyi, zuba sabo. Ka kuma riƙa shinshinawa. Ruwa mai lafiya ba shi da wari. In ya gurɓace ko ya ɗauki ɗoyi, akwai saiwar da ke ruɓewa, nemo ta.

Koren gansakuka zai fito a jikin gilashi tunda akwai haske. Kaɗan ba ya cutarwa, wankewa da buroshi duk mako ya isa. In ya yi yawa, naɗe ƙasan mazubin da takarda ko ka zura shi cikin wani mazubi mara haske, kana ɗagowa kana dubawa. Farin yauƙi a jikin saiwa kuwa, ɗauraye shi da yatsa a hankali ka ƙara kwanakin bushewa. Farar funfuna a kan saiwa alama ce ta rashin iska ko ragowar ɓawo da ba a cire ba.

9. Taki

Ruwa zalla ba abinci ba ne. A tukunya ɓawon da ke ruɓewa na ba da ɗan abu, a kwalba kuwa sai abin da ka zuba. Amma wata na farko kada ka ba da komai, yankakkiyar saiwa ba ta son gishirin taki. Bayan nan, ka haɗa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin. In an ce cokali ɗaya a lita 4, kai ka sa rubu'in cokali. Jiƙa saiwoyin da ruwa zalla tukuna su yi kore, sannan ka zuba ruwan takin, ka bar shi ƴan awoyi, ka juye, ka ɗauraye, ka mayar da ruwa mai tsabta. Sau ɗaya a mako biyu ya isa lokacin da take tsiro, sau ɗaya a wata in ta tsaya. Barin taki a ruwa kwana da kwanaki gayyatar gansakuka ne.

Alamar taki ya yi yawa ita ce kan saiwa ya yi baƙi ya daina tsawo, ko farin gishiri ya fito a jikin saiwoyin sama. Dakata wata guda kana ɗauraya. Mai amfani da ruwan sama ko tataccen ruwa zalla ya duba ko takinsa na ɗauke da kalsiyam da maganiziyam, in babu ya riƙa surka ɗan ruwan famfo. Kada ka zuba takin gargajiya ko jiƙon ɓawon kayan marmari a kwalba, ruɓewa zai yi ya tafi da saiwar.

10. Haske, zafi da fure

Haske mai yawa amma ba rana kai tsaye ba. Kusa da tagar gabas ya fi, ko wata taga mai siririn labule. Ɗora hannunka tsakanin taga da ganye da rana tsaka: inuwa mai dishi-dishi ita ake so, mai kaifin gefe ta nuna rana ta yi yawa. Ganye kore mai duhu sosai yana neman ƙarin haske, fari ko baƙin tabo a inda rana ke bugawa ƙuna ce kuma ba ta warkewa. Ka tuna gilashi da ruwa suna ɗaukar zafi, rana ta awa ɗaya na iya dafa saiwoyin ko ganye bai nuna komai ba. Taɓa mazubin, in ya yi ɗumi a hannu, matsar da shi.

Phalaenopsis na jin daɗi tsakanin digiri 18 da 29. Abin da ke sa ta fitar da karan fure shi ne saukar zafi. In ta zauna kullum sama da digiri 28, ganye za ta yi ta yi. Tana bukatar makonni huɗu zuwa shida da rana ba ta wuce kimanin 25 ba, dare kuma ya fi haka sanyi, amma kada ya sauka ƙasa da 15. Kada ka sa rai da fure a watannin farko, ƙarfinta na tafiya ne wajen gina saiwa, kuma haka ya kamata. In wani abu ya leƙo daga tsakanin ganye, duba kansa: na saiwa zagaye ne mai santsi yana neman ƙasa, na karan fure a ɗan baje yake da tsaga kamar dunƙulen hannu, yana neman haske. Tunda babu ƙasar da za a kafa sanda, ɗaure siririn tsinke a jikin mazubin daga waje da zare ko roba, ka jingina karan tun yana da taushi. Fure na ƙara nauyi gefe guda, don haka zuba ƴan duwatsun gilashi a ƙasa ko ka sa mazubin cikin wani mai nauyi don kada ya kife.

Idan abu ya karkace

Ganye ya yanƙwane alhali saiwa na cikin ruwa: ba ƙarin ruwa take nema ba, saiwar ce ta daina aiki. Zaro ka matsa su ɗaya ɗaya. Ganyen ƙasa guda ɗaya ya yi rawaya a hankali ya faɗi: tsufa ne. Amma in rawayar ta faro daga gindi, ko ganye biyu uku suka tafi tare, duba gindin. In akwai baƙi mai laushi, kankare shi da reza mai tsabta har ka kai nama mai kyau, shafa kirfa a wurin kaɗai, ka rage tsayin ruwa sosai. Farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, dangwala auduga a sifirit ka goge shi, ka maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, ka kuma ware shukar daga sauran.

Wadda ba ta da saiwa ko ɗaya, zaunar da ita a bakin mazubi ruwa na ƙasa da gindinta da kamar santimita 1 ko 2, ba ya taɓawa, danshin da ke tasowa shi zai jawo saiwa. Yakan ɗauki wata biyu ko fiye, kuma za ta iya zubar da ganye ɗaya ko biyu kafin nan, domin daga jikinsu take ci.

In tafiya ta kama ka ta mako ɗaya ko biyu, jiƙa ta sosai, ka bar ɗan ruwa kamar santimita 2 a ƙasa yana taɓa ƙarshen dogayen saiwoyi, ka cusa auduga ko ka ɗaura ɗan ƙyallen raga a baki saboda sauro, ka janye ta daga taga. Gara ka dawo ka tarar da ita da ƙishi da ka tarar ta ruɓe. Mai yawan tafiya kuwa ya duba wata hanya ta tsakiya: ƙwallayen gasasshen yumɓu da ake kira leka. Ana cika mazubi da su, a huda ramuka biyu kamar santimita 3 daga ƙasa, ruwa ya tsaya ƙasa da ramukan, ƙwallayen su riƙa jawo danshi sama suna barin iska a tsakaninsu. A wanke su a jiƙa su kwana ɗaya ko biyu kafin amfani.

In kuma wata uku ko huɗu sun wuce, tsofaffin saiwoyi na ta mutuwa, sabuwa ko ɗaya ba ta leƙo ba, kada ka nace. Samo sabon ɓawon itace na okid, jiƙa shi ya kwana, ka mayar da ita ƙaramar tukunya mai haske mai ramuka da yawa, wadda saiwoyin da suka rage za su cika. Makonnin farko ka riƙa ba ta ruwa da ɗan yawa fiye da yadda aka saba, tunda sabon ɓawo baya riƙe danshi, kuma ka ɗaure ta da tsinke don kada ta riƙa motsi har sabuwar saiwa ta kama.